Mabiyiya a Bakin Mahaifa

A shekarun farko bayan soja sun koma bariki, muna haya a wani gida mai sassa biyu a Gyaɗi-Gyaɗi, ni da maigidana. Shi malamin sakandare ne, ni kuma ina koyarwa a wata firamare a Tarauni. Mun daɗe da aure ba haihuwa, daɗewar da har dangi suka gaji da tambaya suka koma kallo. An taɓa yi mini aiki aka cire mini ƙari a mahaifa, bayan nan aka ce hanyoyin da ƙwai ke bi sun toshe, ciki ba zai shiga da kansa ba.

Likitar da nake gani a babban asibiti ce ta fara yi mana zancen dashen ƙwai. Mace ce mai yawan shiru, ba ta ƙara wa magana gishiri. Ta ce an fara yi a Abuja: a ɗebi ƙwan mace, a haɗa da maniyyin mijinta a waje, idan ya kama a mayar cikin mahaifa. Malam, haka nake kiran maigidana, bai yanke shawara a ofishinta ba. Sai da ya je ya tambayi malaminsa na zaure, aka ce masa in dai na miji da matarsa ne babu laifi, sannan ya dawo ya ce mini, "To, bismillah. Amma kada kowa ya ji."

Mutum ɗaya ce ta ji, ita ma dole ce ta sa. A ɗaya sashen gidan akwai wata 'yar ƙabilar Ibo da mijinta da 'ya'yansu. Tsohuwar nas ce, tana da ɗan kemis a bakin titi, duk unguwa Madam ake ce mata. A Kano aka haife ta, Hausa a bakinta kamar Bakanuwa. Alluran da aka ba ni na farko ba sa son zafi, wuta kuwa a lokacin sai ta ga dama take zuwa. Madam tana da janareta a kemis, don haka a firjinta aka ajiye su, a bayan robobin ruwa, kuma ita take yi mini kullum da safe kafin ta buɗe shago.

"Ki saki jikinki mana," in ji ta, tana murza mini fatar ciki da auduga. "Ke da kike neman haihuwa, allura ce za ta ba ki tsoro?"

Ba allurar nake tsoro ba. Tsorona kada duk wannan ya tashi a banza. Kuma karon farko a banza ya tashi. Mun je Abuja, an ɗebi ƙwan, an mayar, na dawo ina tafiya kamar mai ɗauke da cikakkiyar ƙwarya. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara lissafin tarawa da ɗebewa na ji abin da na saba ji duk wata ya zo. Na ƙarasa darasin, ban san me na faɗa musu ba.

Karo na biyu ya kama. Ranar da likita ta gaya mini, Malam ya yi sujada a nan ƙasan ofishinta. Ni kuwa na kasa murna. Abin da ya zo mini shi ne, yanzu ina da abin da za a iya ƙwace mini. Na daina tari da ƙarfi. Atishawa in ta zo sai in toshe hanci. Ban san sau nawa nake shiga banɗaki a wuni ba don kawai in duba zanina.

Haka na lallaɓa har wata na biyar. Ranar da aka yi mini hoton ciki na wannan watan, na kwanta a kan ɗan siririn gadon nan, likita ta shafa mini man nan mai sanyi, ta ɗora kan na'urar tana yawo da shi. Na ji bugun zuciyar ɗan, da sauri-da-sauri. Sai na ga ta dawo da na'urar can ƙasan marata ta tsaya. Ta matsa gefe, ta sake dawowa. Ni ban iya karanta abin da ke jikin allon ba, duk hazo nake gani. Fuskarta na koyi karantawa, kuma a ranar na ga ta tattare gira.

"Likita, lafiya?"

"Ɗa lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Mabiyiya ce ban so inda ta zauna ba."

Ta goge mini ciki, ta zaunar da ni. Ta ce mabiyiya, wadda tsofaffi ke ce wa uwa, ita ce ke ciyar da ɗa ta cibiya, kuma ita ce ke biyo bayansa in an haihu. Ta dunƙule hannunta na hagu ta ce wannan mahaifa ce. Kamata ya yi mabiyiya ta manne a sama, ta nuna. Tawa ta sauko ƙasa ta rufe ƙofar da ɗan zai fito.

"Cike take da jijiyoyin jini. In bakin mahaifa ya motsa, za ta iya yagewa, jini ya ɓalle. Wani lokaci in ciki ya girma takan ja sama. Za mu riƙa dubawa."

Sai ta shiga jera mini abin da ba zan yi ba. Ba ɗaukar kaya, ba hawa acaɓa, ba doguwar tsayuwa, ba kusantar miji. Kada in yarda wata ungozoma ta sa mini hannu da sunan dubawa. In na ga jini, ko ɗigo ne, ko ba ciwo, in taho a lokacin.

"Ko ba ciwo?"

"Shi wannan ba ya zuwa da ciwo."

Wannan maganar ce ta fi zauna mini. Abin da ke zuwa da ciwo ai yana sallama. Na ɗauki hutu a makaranta na dawo gida na kwanta, ina sauraron jikina kamar mai sauraron motsi a bayan ƙofa.

Duk bayan 'yan makonni sai mu koma hoto. Malam zai ɗauko tasi har ƙofar gida, ya roƙi direba ya bi ramuka a hankali. In na kwanta a gadon nan sai in kama addu'a a zuci, Allah Ya sa ta hau, Allah Ya sa ta hau. Likita ta ɗora na'ura, ta duba, ta girgiza kai kaɗan. Tana nan. A wata na shida da rabi ta kira wani likita babba ya zo suka duba tare, suna magana ƙasa-ƙasa da Turanci suna nuna wani wuri da biro. Ina jin Turancin, amma a ranar kunnena ya ƙi ɗauka.

Da ya fita ta ce a kira Malam. A gabansa ta gaya mana cewa mabiyiyar ba rufe ƙofa kawai ta yi ba, alamu sun nuna ta shige cikin tabon tsohon aikin da aka yi mini, ta kama naman mahaifa. Haihuwa dai sai ta hanyar tiyata, kuma kafin lokaci. In an ciro ɗa mabiyiya ta ƙi rabuwa, ba za su tsaya jayayya da ita ba, za su cire mahaifar gaba ɗaya don su ceci raina.

Malam ya ce, "Allah Ya zaɓa mafi alheri." Muryarsa ba ta yi rawa ba, amma hular da ya cire ya riƙe sai da ya lanƙwasa ta gida biyu.

A al'ada, mai cikin fari gidan iyayenta take tafiya goyon ciki. Garinmu kuwa akwai nisa da asibiti, likita ta ce ko da wasa. Dole Inna, mahaifiyata, ta taho wurina. Ba ƙaramin abu ba ne a wurinta ta kwana a gidan suruki. Malam ya kwashe kayansa ya koma ɗakin zaure, in zai shigo sai ya yi ta gyaran murya tun daga waje, ita kuma ta ja mayafi ta juya baya. Ni ce 'yarta ta fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunana ba. "Ke," take ce mini, ko "waccan." Ko cikin ma ba ta kallonsa kai tsaye. Ba mu gaya mata yadda aka same shi ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Da jarka ta zo, cike da jiƙon maganin zaƙi. Kwana biyu ta zuba mini ido ina kwance, a na uku ta kasa haƙuri.

"Ke, wannan kwanciyar ta mece ce? Mai ciki motsa jiki take yi. Tashi ki ɗan taɓa daka, haihuwa ta zo miki da sauƙi."

"Inna, likita ta hana."

"Likita ta taɓa haihuwa? Ni tara na haifa, ina surfe naƙudar wani ta kama ni."

Na rasa yadda zan yi mata bayani, don akwai kalmomin da ba zan iya furtawa a gabanta ba. Madam ce ta shigo ta tarar da mu a haka. Ta gaishe ta har ƙasa, sannan ta ɗauko tukunya da faifai a madafa ta zauna kusa da ita.

"Inna, kin ga tukunyar nan? Jikanki yana ciki. Uwar kuma, maimakon ta zauna a gindin tukunya, sai ta zo ta toshe baki kamar faifan nan. In ta yi daka, uwar za ta tsage. Jini ne zai riga ɗan fitowa."

Inna ta daɗe tana kallon tukunyar. Can ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Haka aka yi da ƙanwata. Jini ya yi ta zuba, ba ciwo ba komai, tana ta magana da mu. Kafin a samo mota ta yi shiru."

Ban taɓa jin yadda wannan ƙanwar tata ta rasu ba sai ranar. Inna ta tashi ta ɗauki jarkar maganin ta tuttular a makwarara. Daga nan tsoronta ya fi nawa. Ko buta ba ta bari in ɗauka. Ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar ɗakina, in na juya a gado sai in ji ta ce, "Mene ne?" In na shiga banɗaki na ɗan jima, sai in ga inuwar ƙafafunta ta ƙarƙashin ƙyaure.

Lokacin kuwa na kamfen ne, zaɓe ya matso. Duk bangon unguwa an liƙe shi da fastoci, motoci masu lasifika suna wucewa suna kiɗa daga safe har yamma. Mutane suna ɗokin abin, kowa da gwaninsa. Ni dai ina kwance ina jin su ta taga kamar daga wata duniya.

Wata safiya da hantsi, cikin yana wata bakwai da 'yan kwanaki, Malam ya tafi makaranta, na tashi zan yi alwala. Ina miƙewa na ji ɗumi yana bin cinyata. Na duba. Ja ne jawur, ba irin wanda na sani ba, yana sauka har kan siminti. Kuma kamar yadda likita ta faɗa, ko ɗan tsinke ban ji ya soke ni ba.

"Inna," na ce.

Ta leƙo, ta gani, ta saki salati da ƙarfi ta yi sashen Madam a guje ba mayafi. Allah Ya sa Madam ba ta fita ba. Ta zo ta kwantar da ni a gefen hagu, ta tura mini zannuwa tsakanin ƙafafu, ta fita titi ta tare tasi. Su biyu da direban suka ɗauke ni suka shimfiɗe ni a kujerar baya, kaina a cinyar Inna.

Daga gidanmu zuwa babban asibiti ba nisa, mai lafiya da ƙafa ma yana zuwa. Muna fitowa babban titi motar ta tsaya cak. Jerin gwanon 'yan siyasa ne ya cike hanya, bas-bas maƙare da mutane, 'yan acaɓa suna wasa da babura, samari a kan rufin motoci riƙe da gorori suna ihu. Gaba ba hanya, baya ma an rufe. Direba ya yi ta danna hon, amma a cikin wannan hayaniyar wa zai ji?

Ina kwance ina kallon rufin motar, ina jin zanin da ke ƙarƙashina yana ƙara nauyi. Ɗan ya motsa sau ɗaya, ya yi shiru. Na ce a raina, motsa mana, don Allah sake motsawa. Yatsuna suka fara sanyi, kiɗan da ke waje ya fara nisa. Na tuna ƙanwar Inna da take ta magana har ta yi shiru, sai na kama bakina, kamar in na ƙi magana abin ba zai same ni ba.

Nan ne Inna ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, sau biyu, tana jijjiga mini kafaɗa. "Buɗe idonki! Kada ki yi barci, kin ji ko?"

Duk jinin da na gani bai firgita ni kamar wannan kiran ba. Na san in har Inna ta ajiye kunyarta ta kama sunana, to ta ga abin da take ganin ba zan tashi ba.

Madam ta buɗe ƙofa ta fita. Ta zaro ɗaya daga cikin zannuwan da suka jiƙe ta ɗaga shi sama a tsakiyar titi, tana ihu da iyakar muryarta, "Jama'a, mai ciki ce! Jini take zubarwa! Ku dubi Allah ku ba mu hanya!"

Samarin nan masu gorori, waɗanda in na hango su a unguwa nake sauya hanya, su ne suka fara dirowa. Ɗaya ya leƙo ta taga, ya ga yadda nake, ya juya ya daka tsawa. Nan da nan suka shiga buga jikin motoci suna, "A matsa! A matsa! Mara lafiya!" Suka ɗaga wani babur da hannu suka ajiye a gefe, suka sa wata bas ta hau kan dakali. Wasu suka shiga gabanmu da gudu suna buɗe hanya har ƙofar asibiti. Ban ga fuskar ko ɗaya da kyau ba.

A asibiti aka sa mini ruwa, aka ƙara mini jini, aka ɗora na'ura a cikina. Da na ji bugun nan mai sauri ya cika ɗakin sai kuka ya ƙwace mini. Zuwa la'asar jinin ya tsagaita da kansa. Likita ta ce wannan gargaɗi ne, na gaba zai iya fin haka, ba zan koma gida ba sai na haihu. Aka yi mini alluran da za su ƙarfafa huhun ɗan. Aka ce a tanadi jini. Malam ya bayar, abokan aikinsa suka zo suka bayar, mijin Madam ma ya rufe shagonsa ya zo ya miƙa hannu.

Makonnin da na yi a wannan ɗakin ba na son tuna su. Kowace safiya likita ta zo ta ce, "Mu ƙara masa kwana." Kowane kwana ƙarin ƙarfi ne ga ɗan, ni kuma ƙarin haɗari. A gadon da ke kusa da nawa akwai wata mata 'yar Daurawa mai irin matsalata. Mukan yi hira, ta ce in ta haihu za ta ɗinka mana anko. Wata rana da azahar jini ya ɓalle mata, aka tura ta tiyata a guje. Da yamma na ga ana naɗe katifarta, 'yar'uwarta ta zo tana tattara kwanuka tana share ido. Ban tambaya ba. Nas ɗin da ta zo auna ni ma ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Da cikin ya cika wata takwas na sake ganin ɗigo. Likita ta ce ya isa haka, gobe da safe za a yi. Na yafe wa Malam, na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce, "Daina irin wannan maganar," ya fita da sauri. Da ana tura ni a kan gado, fitilun silin suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, na kama hannun likita na ce, "In abin ya zo da zaɓi, ki ceci ɗan." Ta ce, "Ku biyun nake so. Yi addu'a."

Na farka maƙogwarona a bushe, cikina kamar an ɗora dutse, ledar jini a rataye a kaina. Malam yana zaune gefe, idonsa ja.

"Mace ce," ya ce. "Tana da rai. Ƙarama ce, an sa ta a kwalba."

"Mahaifar fa?"

Ya sunkuyar da kai. Daga baya likita ta gaya mini mabiyiyar ta riƙe gam, jini ya yi yawa, ba su da wata hanya. Na yi zaton zan yi kuka, amma ban yi ba a lokacin. Inna ce ma ta tayar da hankali, ta bi nas-nas tana tambayar a ba ta uwar ta je ta binne a bayan ɗaki kamar yadda ake yi. Aka ce mata ta tafi tare da mahaifar, an kai ɗakin gwaji. Ta dawo ta zauna tana ta juya abin, wai yarinya ba a binne mata komai ba a ko'ina.

Sai da na kwana biyu aka tura ni a keken marasa lafiya na je na gan ta. Tana kwance cikin akwatin gilashi, fatarta ja, an liƙa mata siririyar roba a hanci, ƙirjinta yana hawa yana sauka da sauri. Tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Nas ta buɗe wata 'yar ƙofa a jikin gilashin ta ce in sa hannu. Na taɓa ta da kan yatsa, ta yamutsa fuska. Na janye da sauri don gani nake zan ji mata ciwo.

An yi suna tana asibiti, ba taro, ba kiɗa, Malam da 'yan'uwansa suka raba goro da dabino a masallacin unguwa. Da aka sallame mu Inna ta so ta yi mini wankan jego da tafasasshen ruwa, likita ta hana saboda ɗinki, sai ta huce a kan kunun kanwa, ta yi ta ɗura mini. Tsoron bai tafi don mun dawo gida ba. In yarinyar ta yi barci mai nauyi sai in kai kunnena bakin hancinta. Wani lokaci in tarar Inna ta riga ni.

Bayan arba'in Inna ta koma gida. Ɗinkina ya warke, yarinyar ta yi kumari, ta fara riƙe wuya. Wata yamma na goya ta a karon farko, Madam ta taya ni ɗaure majanyi. Na taka a hankali har kasuwar Tarauni sayen kayan miya. Duk 'yan taku kaɗan sai in kai hannu baya in taɓa ta. Mai tumatir ya auna mini, ya leƙa bayana ya ce, "Hajiya, barci take yi, gyara mata kai." Na tsaya a gefen rumfarsa na gyara mata, na karɓi ledata muka kamo hanyar gida.